Babban Lambun Jama'a a Tsakiyar Birni: Darasi daga Lambun Azhar na Alƙahira a Mahangar Hurumi da Waƙafi

Gabatarwa

Babu fili mai tsada kamar filin da ke tsakiyar birni. A nan kasuwa take, a nan ofisoshi da manyan gidaje suke, kuma kowane taku na ƙasa yana da mai sonsa. Saboda haka idan aka ga hekta talatin ko ɗari uku an bar su ga itatuwa da ciyawa da ruwa a irin wannan wuri, to lalle akwai wata hukuma ko wata al'umma da ta yanke shawarar cire wannan fili daga hannun masu saye da sayarwa, ta ajiye shi domin kowa. Wannan shawara ita ce asalin kowane babban lambun shaƙatawa na jama'a, kuma ita ce ke fuskantar barazana tun daga ranar da aka buɗe ƙofarsa.

Wannan maƙala za ta bi tarihin irin waɗannan lambuna a taƙaice, sannan ta tsaya a kan misali guda, wato Lambun Azhar da ke birnin Alƙahira na ƙasar Masar, wanda aka buɗe a shekarar 2005. Daga nan za ta duba yadda malaman fiƙihu suka tsara hukuncin filin da aka keɓe wa jama'a, domin tambayoyin da lambun birni ke tayarwa a yau sun daɗe a cikin littattafansu: wa ke da ikon keɓe fili, da waɗanne sharuɗɗa, wa ya fi cancantar amfana da shi, kuma me zai hana a mayar da shi mallakar wasu bayan an keɓe shi.

Asalin lambun jama'a na zamani

Lambun da hukuma ke ginawa da kuɗin jama'a, ta buɗe shi ga kowa ba tare da duba matsayi ba, ɗan ƙarni na goma sha tara ne. A farkon wannan ƙarni masana'antu sun ja ɗimbin mutane daga ƙauyuka zuwa biranen Ingila, inda suka cunkushe a unguwanni masu hayaƙi da ƙazanta. Annobar kwalara ta afka wa ƙasar a shekarar 1832, kuma a 1833 wani kwamitin majalisar dokoki ya binciki ƙarancin wuraren da talakan birni zai iya fita ya sha iska. Cikin abin da ya biyo baya akwai Lambun Victoria da aka buɗe a gabashin Landan a 1845, da Lambun Birkenhead kusa da Liverpool, wanda Joseph Paxton ya tsara aka buɗe a 1847 da kuɗin hukumar garin.

Wani Ba'amurke mai suna Frederick Law Olmsted ya ziyarci Birkenhead a 1850, abin da ya gani kuma ya burge shi ƙwarai. Shi ne tare da Calvert Vaux suka lashe gasar tsara Central Park na birnin Niyok a 1858. Girman wannan lambu ya kai eka 843, wato kimanin hekta 341, a tsakiyar tsibirin Manhattan. Sai dai filin ba kango ba ne. Kimanin mutum 1,600 aka tasa daga wurin, cikinsu har da mazauna wata unguwa da ake kira Seneca Village, wadda yawancin mutanenta baƙaƙen fata ne masu mallakar filayensu, suna da wuraren ibadarsu da makarantarsu. An rushe unguwar a 1857. Masu takardun mallaka sun karɓi diyya, amma wasu daga cikinsu sun yi ƙorafin cewa ba ta kai darajar abin da aka karɓe musu ba, kuma al'ummar ta watse ba ta sake haɗuwa ba. Ke nan lambun da ya fi kowanne suna a duniya ya fara ne da tambayar adalci.

Lambu a biranen Musulmi

Musulmi sun daɗe da sanin lambu. Lambun Agdal na Marrakish ya samo asali tun ƙarni na goma sha biyu a zamanin daular Muwahhidun. Lambun Shalimar na Lahore an gina shi a zamanin Sarki Shah Jahan, a farkon shekarun 1640. A Farisa da Indiya an san tsarin lambu mai kashi huɗu, wanda magudanan ruwa ke ratsawa su haɗu a tsakiya, kuma masana da yawa suna danganta ƙaunar wannan tsari da siffar Aljanna da koramunta kamar yadda ta zo a Alƙur'ani mai girma. Amma gaskiyar tarihi ita ce yawancin waɗannan lambuna na sarakuna ne da manyan fadawa. Talakan birni yakan sami sararinsa ne a harabar masallaci, da bakin kogi, da filin idi, da gonakin da ke kewaye da ganuwa.

Alƙahira ta nuna wannan a fili. Lokacin da Jauhar, kwamandan Fatimiyawa, ya kafa birnin a shekarar 969, ya shigar da wani babban lambu da ake kira Bustanul Kafuri cikin ganuwarsa, amma lambun ya zama na fada, daga baya kuma aka gina gidaje a kansa. Jama'a sukan fita shan iska a gefen tafkunan da ambaliyar Kogin Nilu ke cikawa kowace shekara. Ɗaya daga cikinsu shi ne tafkin Azbakiyya, wanda ya ɗauki sunan Amir Azbak, wani babban kwamanda a zamanin Sarki Ƙaitbay, wanda ya raya yankin a ƙarshen ƙarni na goma sha biyar. An cike tafkin a ƙarni na goma sha tara. Bayan Khedive Isma'il ya ziyarci birnin Paris a 1867 ya ga sababbin lambunanta, sai ya ɗauko masanin lambu na Faransa, Barillet-Deschamps, ya tsara masa Lambun Azbakiyya, aka buɗe shi a 1872.

Abin da ya sami Azbakiyya daga baya darasi ne. Babu wanda ya taɓa yanke hukuncin soke lambun gaba ɗaya. An dai ratsa shi da titi, an gutsiri wani gefe an yi gini, an gutsiri wani an yi wata hidimar, kowane gutsure da hujjarsa mai kama da gaskiya, har abin da ya rage ya zama ɗan kaɗan daga abin da aka fara da shi. Ɗaliban ilimi da suka zauna a Alƙahira sun fi sanin sunan Azbakiyya ta dalilin kasuwar tsofaffin littattafai da ke gefensa fiye da lambun kansa. Da haka lambunan birni suka fi mutuwa: kaɗan-kaɗan, kamar yadda gara ke cin azara.

Yadda juji ya zama lambu

A gabashin tsohuwar Alƙahira, tsakanin unguwar Darbul Ahmar da maƙabartar Mamalik, ba nisa da Masallacin Azhar, akwai wani tudu da ake kira Darrasa. Tudun ba halitta ba ne. Kimanin shekara 500 mutanen birni suka yi suna zuba shara da ɓaraguzan gine-gine a bayan ganuwa, har jujin ya yi tsawo ya binne ganuwar kanta. Iska takan kwaso ƙurarsa ta watsa wa maƙwabta, kuma unguwannin da ke jingine da shi suna cikin mafi talauci a birnin.

A shekarar 1984 aka yi wani taro a Alƙahira kan bunƙasar birnin da matsalolinta. A lokacin ne Karim Aga Khan, shugaban Isma'iliyya Nizariyya na wancan zamani, wanda ya danganta nasabarsa ga Fatimiyawan da suka kafa birnin, ya bayyana niyyar ba da kuɗin gina wa mutanen Alƙahira lambu. Aka zaɓi tudun Darrasa mai faɗin kimanin hekta 30. Zaɓin yana da hikima ta fuska biyu: filin yana tsakiyar birni inda ake da buƙata, kuma fili ne da aka yi watsi da shi, don haka ba a buƙaci rushe wata unguwa kamar yadda aka yi a Niyok ba.

Aikin ya ɗauki shekara ashirin kafin ya kammala. Dalili na farko shi ne hukumar ruwa ta riga ta ware wurin domin gina manyan tankunan ruwan sha guda uku na birnin, kowanne faɗinsa ya kai mita 80. Sai da aka gama su, sannan masu tsara lambun suka rufe su da ƙasa suka yi shuka a kansu, ta yadda mai yawo a yau ba zai san yana tafiya a kan rumbun ruwan birni ba. Dalili na biyu ita ce ƙasar kanta. Tarin shara ce mai gishiri, ba ta riƙe tushen gini, ba ta kuma raya shuka. An kwashe ƙasa da ɓaraguzai da suka kai lodin babbar mota kimanin 80,000, an tace wani ɓangare, an gauraya shi da yashi da ƙasar noma. An kafa wuraren rainon tsirrai domin a gwada irin da zai jure zafi da ƙarancin ruwa, aka dasa tsirrai fiye da 650,000. An kuma haƙa tafki wanda yake ƙawata wurin, yake kuma tara ruwan ban-ruwa.

Ana cikin kwashe jujin ne ganuwar da Sarki Salahuddin Al-Ayyubi ya fara ginawa a 1176 ta bayyana, tsawonta kimanin kilomita ɗaya da rabi, da hasumiyoyinta da ƙofofinta irin su Babul Barƙiyya da Babul Mahruƙ. Sharar da ta binne ta ita ce kuma ta kare duwatsunta tsawon ƙarnoni. Gyaran ganuwar ya zama makaranta ga matasan unguwa, inda suka koyi sassaƙar dutse da gini. Daga nan aikin ya tsallaka cikin Darbul Ahmar: an gyara Masallaci da Madarasar Ummus Sultan Sha'aban na ƙarni na goma sha huɗu, da gine-ginen Khayrbak, da gidajen zama, aka kuma kafa shirin ba da ƙananan rance ga masu sana'a. Lambun kansa ya ci fiye da dala miliyan 30, aka yi bikin buɗe shi a watan Maris na 2005. Wanda ya hau tudunsa a yau zai hangi hasumiyoyin tsohon birni a yamma, da Ƙal'ar Salahuddin da Masallacin Muhammad Ali a kudu.

Abin da babban lambu ke yi wa birni

Amfanin lambu ba ya tsaya ga kyan gani. Siminti da kwalta suna shan zafin rana da yini, su riƙa fitar da shi da dare, shi ya sa tsakiyar birni take fin ƙauyukan da ke kewaye da ita zafi. Itace yana rage wannan ta hanya biyu: inuwarsa tana hana rana dukan ƙasa, kuma ruwan da yake ja daga saiwa ya fitar ta ganye yana sanyaya iskar da ke kewaye da shi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsatsafowa. Ganye yana tare ƙura. Ƙasar da ba a rufe da siminti ba tana shanye ruwan sama, maimakon ya taru ya yi ambaliya a tituna.

A nan ne girma yake da muhimmanci. Itace ɗaya a bakin titi yana ba da inuwa ga wanda ke ƙarƙashinsa kawai. Dubban itatuwa a wuri guda suna samar da sanyin da kan iya kaiwa ga titunan da ke maƙwabtaka, kuma sai fili ya yi faɗi sosai kafin wanda ke tsakiyarsa ya daina jin ƙarar motoci. Haka kuma kasancewarsa a tsakiya yana da nasa dalili. Mai mota yana iya kai iyalinsa bayan gari duk lokacin da ya so. Leburan da ke zaune da mata da 'ya'ya a ɗaki ɗaya ba shi da wani lambu sai wanda ƙafarsa ko motar haya za ta iya kai shi. Lambun da aka kai nesa da talakawa ya zama na masu hali ko da ƙofarsa a buɗe take.

Hima, harimi da irfaƙi

Fiƙihun Musulunci bai ɗauki duk filin da babu gini a kansa a matsayin wanda kowa zai iya kamawa ba. A babin raya matacciyar ƙasa, malamai sun yarda cewa wanda ya raya ƙasar da ba ta da mai ita yana iya mallakarta, amma sun sa iyakoki. A mazhabar Malikiyya, ƙasar da ke kusa da gari ba a raya ta sai da izinin shugaba, domin haƙƙin mutanen garin ya rataya a kanta. Kowane gari yana da hariminsa, wato kewayen da mutanensa ke yin itace da kiwo a cikinsa, kuma ba a yarda mutum ɗaya ya killace shi ba. Rijiya da kogi da itace su ma kowanne yana da nasa harimin. Daga wannan tushe na Larabci Hausa ta sami kalmar hurumi, wadda ake kira makiyaya da maƙabarta da filin da sarki ya hana nomawa da ita. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi a kan wannan babi mai suna Ta'alimur Radi, inda ya bayyana hanyoyin da ake keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita.

Hima kuwa fili ne da shugaba ke warewa domin maslahar jama'a. A zamanin jahiliyya mai ƙarfi yakan killace makiyaya domin dabbobinsa shi kaɗai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya soke wannan, ya mayar da keɓe fili haƙƙin da ake amfani da shi domin al'umma kawai, kuma ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'u domin dawakin Musulmi. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya keɓe Rabaza. Imamu Malik da Imamu Bukhari sun ruwaito umarnin da Umar ya ba ma'aikacinsa Hunayyu da ya ɗora a kan hima: ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya kuma yi hattara da garkunan attajirai irin su Abdurrahman ɗan Aufu da Usman ɗan Affan. Hujjarsa ita ce idan dabbobin attajiri suka mutu yana da gonakin da zai koma wa, shi kuwa talaka sai dai ya zo wurin shugaba da 'ya'yansa yana kuka. Wannan ruwaya ta kafa ƙa'ida mai nauyi: idan filin jama'a ya kasa ɗaukar kowa, wanda ba shi da wani madadi shi ne a gaba.

Malaman Malikiyya sun sharɗanta cewa shugaba ne ke yin hima, kuma a kan buƙata, a filin da babu gini ko shukar wani, sannan kada ta yi yawan da zai ƙuntata wa mutane. Tudun Darrasa ya dace da waɗannan sharuɗɗa kusan duka, domin juji ne da ba a amfana da shi sai cutarwa. Inda kuwa babu makawa sai an karɓi mallakar wani, akwai abin koyi a faɗaɗa Masallacin Harami da Umar da Usman suka yi, inda suka biya kuɗin gidajen da aka rushe. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1988, ta fitar da matsaya cewa karɓe mallaka domin maslahar jama'a ya halatta ne idan hukuma ce ta yi, a kan buƙata ta gaske, da diyya ta adalci da za a biya nan take, kuma da sharaɗin kada a juya filin zuwa harkar neman riba ta hukuma ko ta wani mutum. Da an auna rushe Seneca Village da wannan ma'auni, sharaɗin diyya ne zai fara zama abin tuhuma.

Akwai kuma babin irfaƙi, wanda Imamu Mawardi ya haɗa shi da hima a cikin Al-Ahkamus Sultaniyya. Shi ne haƙƙin amfani da filayen gari da gefen hanyoyi da wuraren saukar matafiya ba tare da mallaka ba. Wanda ya riga zuwa ya fi cancantar wurin har ya tashi, amma zamansa ba ya mayar da wurin nasa. Wannan shi ne ainihin matsayin iyalin da suka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin itace a lambun birni.

Waƙafi da matsalar dawwama

Keɓe fili abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta shi da tsare shi shekara ɗari. A nan ne waƙafi, wanda Malikiyya suka fi kira hubusi, ya shigo. Abin lura ne cewa waƙafan farko a Madina da yawansu gonaki ne da lambuna da rijiyoyi. Umar ya sami fili mai daraja a Khaibar, ya nemi shawara, Annabi ya nuna masa ya tsare asalin filin ya yi sadaka da amfaninsa, sai ya sharɗanta cewa ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a kuma gadonsa. Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar ta ga Musulmi. Abu Ɗalha ya ba da lambunsa na Bairuha, wanda ke fuskantar Masallacin Annabi, kuma shi ne mafi soyuwar dukiyarsa gare shi. Hikimar waƙafi ita ce yana ɗaure hannun waɗanda za su zo daga baya, har da magada da masu mulki.

Lambun Azhar ba waƙafi ba ne a ma'anar fiƙihu. Filin na hukumar lardin Alƙahira ne, kuma ana tafiyar da shi ne bisa yarjejeniya. Amma ya ɗauki darasi ɗaya daga tsarin waƙafi. Masu waƙafi na da, idan sun gina masallaci ko makaranta, sukan haɗa shi da shaguna ko gonaki da za su riƙa samar da kuɗin gyara da albashin ma'aikata, domin sun san ginin da ba shi da mashigar kuɗi kango ne mai jiran lokaci. Lambu ya fi gini buƙatar wannan, musamman a ƙasar da ruwan sama bai taka kara ya karya ba: idan aka daina ban-ruwa na 'yan makonni a bazara, aikin shekaru ya tafi. Central Park kansa ya lalace matuƙa a shekarun 1970 lokacin da birnin Niyok ya shiga matsin kuɗi, sai da aka kafa wata ƙungiya mai zaman kanta a 1980 ta ɗauki nauyin tara kuɗi da kula da shi. A Lambun Azhar an gina gidajen abinci da ake samun kuɗi daga gare su, aka kuma sa kuɗin shiga a ƙofa.

Kuɗin shigar nan shi ne abin da ya fi jawo muhawara. Masu goyon baya suna cewa shi ne ya sa lambun ya ci gaba da zama kore da tsabta. Masu suka suna cewa magidanci mai 'ya'ya biyar ko shida, wanda shi aka fi gina lambun dominsa, shi ne kuɗin zai fi hana wa shiga. Duka ɓangarorin suna da gaskiya, kuma umarnin Umar ga Hunayyu yana nuna hanyar daidaita su: nauyin kula da wuri ya fi karkata ga mai hali, ta hanyar hayar gidajen abinci da wuraren biki da gudummawa, ƙofa kuma ta fi sauƙi ga maƙwabta da marasa ƙarfi. Duk tsarin da ya juya wannan, ya mayar da lambu wurin hutawar masu kuɗi da sunan jama'a, ya koma himar jahiliyya a sabuwar riga.

Barazana ta biyu ita ce ta musanya. Malaman Hanafiyya sun halatta musanya waƙafi da wani idan amfaninsa ya yanke, bisa sharuɗɗa da hukuncin alƙali, yayin da mashahurin zance a Malikiyya ya tsananta wajen hana sayar da waƙafin ƙasa ko da ya lalace. Tarihin Alƙahira ya nuna dalilin wannan tsanani, domin masana tarihin zamanin Mamalik irin su Maƙrizi sun rubuta yadda wasu masu iko suka riƙa amfani da ƙofar musanya suna karɓe waƙafan da suka yi musu kyau. Dabarar ba ta tsufa ba. A bar lambu ya bushe, a ce ya zama maɓoyar ɓata-gari, sannan a ce maslaha ta sa a yanka shi filaye, a yi alkawarin wani a bayan gari. A shekarun baya-bayan nan ma unguwar Misrul Jadida ta Alƙahira ta rasa itatuwa da ƙananan lambuna masu yawa saboda faɗaɗa tituna da gina gadojin sama. Wanda aka ɗora wa amanar wuri, idan shi ya yi sakacin da ya lalata shi, bai kamata lalacewar ta zama hujjarsa ta sayarwa ba.

Haƙƙin wuri a kan masu shigarsa

Amana ba ta tsaya ga hukuma ba. Sunna ta tabbatar da cewa wanda ya dasa itace yana samun ladan sadaka a kan duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi. Ta yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ke yin bahaya a hanyar mutane ko a inuwar da suke hutawa. Ta sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Ta kuma gindaya wa masu zama a bakin hanya haƙƙoƙi: runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Waɗannan duka suna hawa kan lambun jama'a kai tsaye. Wanda ya karya reshe, ko ya watsar da leda a kan ciyawa, ko ya takura wa mata da kallo da magana har iyalai suka daina zuwa, ya rage wa dubban mutane haƙƙinsu, kuma ya ba mai neman hujjar rufe wurin abin da yake nema.

Kammalawa

Lambun Azhar ya nuna cewa ko birni mai cunkoso kamar Alƙahira yana iya samun sarari idan aka duba wuraren da aka yi watsi da su, kuma jujin shekara 500 yana iya komawa inuwa da ruwa cikin shekara ashirin. Azbakiyya, wadda ba ta da nisa da shi, ta nuna yadda ake rasa irin wannan sarari ba tare da wani ya taɓa sanar da niyyar kashe shi ba. Tsakanin misalan biyu fiƙihu ya tanadi ma'auni bayyananne: a keɓe fili domin buƙatar jama'a, a biya wanda aka karɓi nasa da adalci, a fifita wanda ba shi da madadi, a tanadi abin da zai ɗauki nauyin kula, a kuma toshe ƙofar da za a bi a mayar da shi mallakar wasu. Ya rage ga malamai da masu tsara birane da masu hannu da shuni su gane cewa inuwar da talaka zai zauna da iyalinsa a tsakiyar birni tana cikin abubuwan da ake yi wa waƙafi, kamar rijiya da makaranta. Allah Shi ne Mafi sani.